Yashe Kogin Kaduna zai hana ruwa shiga gidajenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kaduna, kuma ba mu da nisa da kogi. Damina uku ke nan a jere ruwa na shigar mana gidaje. A taronmu na ƙarshe kan jama'a ya rabu. Wasu sun ce mu rubuta wa gwamnati takarda a zo a yashe Kogin Kaduna, don ya cike da yashi. Wasu sun ce mu tara kuɗi mu ɗauko katafila ta yashe rafin da ya ratsa unguwar tare da manyan kwatoci. Akwai ma masu cewa duk wahalar banza ce, dam ɗin Kamaru ne ake buɗe mana. Wanne ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah Ya kyauta, Ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ɓata. Ku tara kuɗin nan ku yashe rafinku da kwatocinku, wannan shi ne abin da ke hannunku kuma shi ne za ku ga amfaninsa a daminar farko. Takardar ma ku rubuta, sai dai abin da za ku roƙa a cikinta ya ɗan bambanta da abin da mutanenku suke nufi, zan zo kansa.

Bari in fara sallamar masu maganar Kamaru, don tasu ta fi sauƙi. Dam ɗin da suke nufi shi ne Lagdo, kuma a kan Kogin Binuwai yake. In aka sake shi, ruwan ya bi ta Yola, ya wuce Makurɗi, ya haɗu da Neja a Lakwaja, ya gangara teku. Babu ta inda zai hau tudu ya zo Kabala ko Unguwar Rimi. Namu kogin daga tsaunukan Jos yake fitowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Neja a kusa da Muregi, daura da Pategi. Manyan madatsun da ke kansa, Shiroro da Zungeru, duk a ƙasanmu suke cikin Jihar Neja, wato sai ruwa ya bar Kaduna yake isa can. Saboda haka ruwan da ke ɗaga kogin nan namu ne na gida: wanda aka yi a Filato, da kudancin jihar nan, da wanda Kogin Galma ke kwasowa daga wajen Zariya.

To, kafin ku kashe ko sisi, ku zauna ku tantance wane ruwa ne yake shigar muku. Ruwa biyu ke cin unguwannin bakin kogi a garin nan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ruwan unguwa: ana cikin tafka ruwan sama, kafin a yi awa ɗaya kwata ta tumbatsa, titi ya zama rafi, ruwa ya shigo ta ƙofar gida da leda da robobi da takalman yara. Ana ɗaukewa, bayan awa biyu ko uku ya janye ya bar muku taɓo. Na biyu ruwan kogi: shi ba ya gaggawa. Sau da yawa ma rana na haske a Kaduna, ba a yi ko yayyafi ba, sai ka ga ruwa ja yana tasowa a hankali, yana biyo kwata ta baya, yana fitowa ta makwararar banɗaki. In ya shigo sai ya kwana, wani lokacin ya yi kwanaki. Lokacinsa ƙarshen Agusta zuwa Satumba, bayan marka ta jiƙa ƙasa ta ƙoshi. Wanda ya ga ambaliyar watan Agusta na 2003 ya san irinsa, da ta 2012. Kada ku tsaya kan ra'ayin mazan da ke zuwa taro kawai. Ku sa a tambayi matan gida, su ne suke nan lokacin da ruwan ke shigowa, su ne suka san ta inda ya fara da ƙarfe nawa ya janye. Ku duba kuma shatar da ya bari a jikin bango, gida gida.

In ruwanku na farkon ne, yasa za ta yi muku magani sosai. In na biyun ne zalla, ko an kawo injin yasa goma an jera a kogi, abin da zai rage muku kaɗan ne. Yawancin unguwannin da na yi aiki a cikinsu suna da duka biyun, kuma ranar da ta fi muni ita ce wadda suka haɗu: kogi ya cika ya tokare bakin rafi, sama kuma ta sako.

Me ke kawo cikewar tun farko? Ruwa ɗan dako ne, kuma ƙarfinsa yana cikin gudunsa. In yana gudu sai ya ɗauki yashi da tsakuwa har da duwatsu. Da zarar ya rage gudu sai ya fara sauke kaya, mai nauyi da farko: tsakuwa, sannan yashi, sannan laka mai laushi, wadda ita sai ruwa ya kwanta tsit take zama, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba bayan an tace kamu. Don haka duk inda ka ga magudana ta cike, tambayar farko ita ce me ya rage wa ruwa gudu a nan. Ko dai gangaren wurin ya yi kaɗan, ko an yi kwana mai tsanani, ko kwalbati ya yi ƙanƙanta, ko wani ya tura katangarsa cikin rafi, ko bola ta tare. Mu a wajen zane muna so ruwan kwata ya riƙa gudun da bai gaza kashi biyu cikin uku na mita ba a daƙiƙa guda, domin ya share yashinsa da kansa. Kwatocin unguwa da yawa birkila ne ya gina su da ido, kowane maigida da nasa zurfin a ƙofar gidansa. Wannan ya yi tasa ƙafa biyu, maƙwabcinsa na ƙasa ya yi ƙafa ɗaya da rabi. Tsakaninsu kuwa an gina tarkon yashi ba a sani ba.

Shi kuma yashin, yawancinsa ba daga nesa yake zuwa ba. Jama'a sun fi ganin leda da gorar ruwa saboda su ke yawo a sama, amma in ka sa shebur a kwatar Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, abin da za ka fi ɗebowa jar ƙasa ce ta layukan da ba a yi wa kwalta ba, da yashin gini da aka juye a bakin titi aka bar shi damina ta same shi, da sharar da ake turawa kwata kowace safiya da tsintsiya. Ledar aikinta shi ne ta kama wannan yashi ta ɗaure shi, har ya zama kamar daɓe.

Ga ɗan lissafi da za ka karanta wa mutanenku a taro. Kwata mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, in ta cike rabi, mutum zai ɗauka rabin ruwa za ta ɗauka. Ba ta kai nan ba. Abin da za ta iya kimanin kashi 40 cikin 100 ne kawai, don ruwa marar zurfi ya fi jan ƙafa, balle a ce ƙasan ya zama ciyawa da tarkace maimakon siminti mai santsi. A ɗaya ɓangaren kuma ruwan da ake turo mata ƙaruwa yake yi. Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a dare ɗaya na Agusta, lita dubu 23 ke sauka a kansa, sama da jarka 900 mai cin lita 25. Da can da yake gona ce ko fili, ƙasa ke shanye kaso mai yawa. Yanzu an rufe da kwano, an shafe tsakar gida da siminti, kusan duka waje yake fitowa cikin 'yan mintuna. Ka ninka wannan da yawan gidajen da aka gina a saman unguwarku cikin shekara ashirin. Rafin bai ƙara faɗi ba, matsewa ma ya yi.

Yanzu ga yadda za ku yi aikin, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ake asarar kuɗin jama'a.

Daga ƙasa ake fara yasa, wato daga inda rafin ya faɗa kogi, a riƙa hawowa. Kullum abin da ke faruwa shi ne wanda ya fi ba da kuɗi yana so katafila ta fara daga ƙofar gidansa. In kuka biye masa kuka yashe sama kuka bar ƙasa a toshe, kun haƙa kududdufi ne, kuma kun buɗe wa ruwa hanya ya iso wa na ƙasa da sauri fiye da da. Ku sa mai unguwa da limami su tsaya a kan wannan tun kafin a karɓi kuɗin kowa.

Lokacin aiki kuwa rani ne, daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu, sa'ad da rafi ya ƙafe, laka ta bushe, mota za ta iya shiga. Mu kuma mun saba sai hadari ya haɗu a watan Yuni ake neman shebur, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Jiƙaƙƙiyar laka ta fi nauyi, ta fi wari, ta fi tsadar ɗauka. Bayan babbar yasar rani, ku sake bi da aikin gayya wajen tsakiyar Yuli, domin ruwan farko-farko shi ke wanko dattin rani gaba ɗaya ya zuba muku, ga shi kuma manyan ruwan Agusta na tafe.

Kafin a sa katafila, ku nemi mai safiyo ko ɗalibin injiniya da na'urar awon gangare, ko da na yini ɗaya ne. Kaduna ba ta rasa su ba: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, wadda tun 1979 take horar da masu wannan aiki. Abin da zai yi muku shi ne ya auna gindin kowane kwalbati da ke kan rafin, ya ja layin gangare daga wannan zuwa wancan, ya kafa turaku ya rubuta zurfin da za a haƙa a kowane wuri. Dalili shi ne gindin kwalbati shi ke mulkin rafi. Duk abin da aka haƙa ƙasa da shi aikin baban giwa ne, ruwa zai kwanta a ramin, sauro ya samu gida, yashi ya cike shi a damina ɗaya. Direban katafila kuwa, in ba a ba shi awo ba, inda ƙasa ta yi laushi zai zurfafa, inda ta yi tauri ya shafa ya wuce, a ƙarshe a bar muku rafi mai tudu da kwari.

Kwalbatocin su kansu katafila ba ta shiga cikinsu, kuma su ne maƙogwaron rafin. Da hannu ake yashe su, da shebur mai dogon ƙota da bokiti da igiya. Na sha ganin an yashe rafi tas, an ɗauki hoto, amma ka leƙa kwalbati ka tarar saura tafin hannu ya rufe. In kuka yashe kwalbati sarai amma kuka ga duk da haka ruwa na taruwa a bayansa yana haurawa titi, to ya yi kaɗan ne, kuma yasa ba ta ƙara masa girma. A irin bututun siminti mai zagaye, in aka ninka faɗin baki sau biyu, ruwan da zai wuce ya ninka fiye da sau shida. Shi ya sa sauya kwalbati ɗaya a wurin da ya dace kan fi yasar kilomita guda amfani.

Sai babbar magana, wato inda za a kai abin da aka ɗebo. Akwai wani aiki da aka taɓa sa ni dubawa a wata unguwa ta kudancin gari. Ɗan kwangilar ya yi ƙoƙari wajen haƙa, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma ya jibge ƙasar a bakin rafin dama da hagu, ya ce tifa na zuwa. Tifa ba ta zo ba, ruwan farko ya zo. Cikin dare ɗaya rabin ƙasar ta koma inda aka ɗebo ta, sauran kuma ta zama ganuwa ta hana ruwan layuka faɗawa rafin, sai ya juya cikin gidaje. Mutanen da ruwa bai taɓa shigar musu ba, a shekarar ya shiga. Tun daga nan ba na sa hannu a takardar biya sai na ga bakin rafi a share. Ku ma ku yi haka. A bar laka ta tsane kwana ɗaya ko biyu, sannan a kwashe. Ku sani kuɗin tifa yakan kai na katafila ko ya fi, saboda haka in kuɗinku na yasar mita 600 ne ba kwashewa, gara ku yi mita 300 ku kwashe. Kuma kada ku yi jinga da mai katafila a kan kwana. Ku yi da shi a kan tsawon da zai gama daidai da turakun awo, a biya shi kashi kashi.

Ina za a kai ta? In yashi ne mai tsabta, masu bulo da masu ciko za su ɗauka, wani lokacin har su rage muku kuɗin mota. In baƙar laka ce daga rafin da ya fito ta gonaki, masu lambu na so. Amma lakar da ta fito daga magudanar da ta bi ta garejin kanikawa, ko wurin masu cajin batir, ko yankin masana'antu irin Kakuri da Makera inda masaƙu suka yi shekaru suna sako ruwan rini, kada a zuba ta a lambu. Baƙin mai da dalma da sauran guba suna maƙalewa a jikin laka mai laushi su zauna shekaru, alayyafo da latas kuma su zuƙa. Irin wannan sai juji da hukuma ta ware, ku tuntuɓi KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha.

Ku kula da gaɓar rafi. Direba na son ya yanke ta tsaye kamar bango don aikin ya yi kyau a ido. Ƙasa ba ta tsayuwa haka in ta jiƙa. A kwantar da gaɓar, kowace mita ɗaya ta zurfi a ba ta aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu na kwanciya, kuma kada a tuge ciyawa da saiwoyin da ke riƙe da ita in ba su tare ruwa ba. Inda katangar gida ke dab da rafi, kada katafila ta taɓa gindin wurin sam, a yi da hannu. In da hali a dasa jema a gefen, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana ɗaure gaɓa. A saman unguwa kuma, inda jar ƙasa ke shigowa, ku haƙa rami mai faɗi da gangan a wurin da mota ke iya zuwa, ruwa ya rage gudu a nan ya sauke yashinsa. Kwashe rami ɗaya sau biyu a shekara ya fi bin rafi gaba ɗaya sauƙi. Sai dai a kewaye shi saboda yara.

Matasan da za su shiga kwata a saya musu takalmin roba mai tsawo da safar hannu, don fasassun kwalabe da allurai da tsatsan ƙarfe na ciki, wanda ya yanke kuma a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar. Rufaffiyar kwata ta fi haɗari. Ruɓaɓɓiyar laka na tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya faɗi ba ko ihu, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Masu yasar rijiya da masai sun san wannan tun kaka da kakanni. A buɗe murafe da yawa a bar iska ta ratsa tukuna, wanda zai shiga a ɗaura masa igiya, mutum biyu na sama.

To, mu koma kan kogi.

Na fahimci masu cewa ya cike. Mutum ya tsaya a kan gada da rani ya ga tsibiran yashi da ciyawa, ruwa na bin 'yan hanyoyi a tsakani, dole ya ce da an kwashe wannan da ruwa ya samu wuri. Amma ka sake dubawa da kyau a wajen Gamji ko ƙarƙashin gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello: waɗannan baƙaƙen duwatsu da masu wanki ke shanya a kansu, su ne gindin kogin. Kogin Kaduna a cikin gari a kan dutse yake gudu, yashin shimfiɗa ce a sama. Injin zuƙo yashi ba ya cin dutse. In ka kwashe yashin da ke tsakanin dutse da dutse, dutsen da ke gaba shi zai ci gaba da tsayar da tsayin ruwa, kamar dai gindin kwalbatin da na faɗa. Ramin da ka haƙa kuwa ruwa zai rage gudu a cikinsa ya sauke kaya, kogin da ke ɗauko yashi tun daga Filato ba zai rasa abin cike shi ba.

Sannan a dubi girman aikin. A ce za a rage mita ɗaya kacal a faɗin mita 100, tsawon kilomita ɗaya. Kubik mita dubu 100 ke nan, wato lodin tifa dubu 10 in kowace na ɗaukar kubik goma. Kogin kuwa daga Rafin Guza da Malali ya bi Unguwar Rimi, Kabala, Barnawa, ya wuce Nasarawa da Kudenda, ka ƙirga kilomitocin da kanka. A ranar babbar ambaliya kuma ruwan na hawa mitoci sama da inda yake da rani, ya bazu ɗaruruwan mitoci a fadama. Mita ɗayan da aka rage a tsakiya ɗan kaɗan ne a cikin wannan. In ma an yi nasara ruwa ya ƙara gudu a wajenku, to an tura shi ne ga na ƙasa, yashin da aka tayar kuma ƙarshensa tafkin Shiroro, wanda tun 1990 yake ba ƙasa wuta kuma shi ma cikewa ba ta yi masa daɗi.

Akwai kuma ɓarnar da yasa marar awo ke yi. In aka zurfafa gindin kogi, gaɓa na zubewa, kuma zaizayar na tafiya baya tana cin ƙasan ginshiƙan gada. A ƙasar Fotugal, a watan Maris na 2001, wata tsohuwar gada a kan Kogin Douro ta rufta da motar fasinja, mutum 59 suka rasu, kuma ɗibar yashi da aka daɗe ana yi a kogin na cikin abin da ya raunana ginshiƙinta. Wannan ya shafi 'yan yashinmu ma, masu kwalekwale da masu injin. Sana'a ce, garin nan da yashinsu aka gina shi, kuma in an tsara musu wurin ɗiba suna rage wa gwamnati aiki kyauta. Amma a nisanta su daga gadoji da wurin da ake zuƙar ruwan famfo a Malali da gindin gaɓar da gidaje ke kai. Ramukan da suke bari kuma su ne ke cin yara masu wanka: yaro na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya zurma.

Mutanenku za su ce ai an yashe Neja. An yashe, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin a Lakwaja a 2009, daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Amma don jiragen ruwa su samu hanya aka yi, ba don ambaliya ba, shekara uku bayan ƙaddamarwar kuma ruwan 2012 ya shanye Lakwaja. Inda buɗe hanyar ruwa ke aiki sosai shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacala da laka ke toshe reshen kogi gaba ɗaya har ruwa ya sauya hanya. Can toshewa ce ciwon. Namu ciwon a bakin kogi, in za mu faɗa wa juna gaskiya, shi ne fadamar da kogi ke shimfiɗa ƙafa a cikinta duk bayan 'yan shekaru mun yanka ta fuloti. Dattawan da suka yi noman rake da shinkafa a wuraren nan suna da rai, a tambaye su. Wanda gidansa ke cikin wannan fadama, abin da zai taimake shi shi ne ɗaga daɓe da dakalin ƙofa, da sanin lokacin fita, da kuma, in Allah Ya hore, neman tudu.

Duk da haka akwai wuraren da taɓa kogin ke da amfani, kuma su za ku sa a takardarku. Ku roƙi a buɗe bakin rafinku inda ya haɗu da kogi, domin kogi kan gina tudun yashi a daidai nan ya toshe shi, kuma wannan ya fi ƙarfin gayya. Ku roƙi a kwashe itatuwa da kainuwa da tarkacen da ke maƙalewa a ƙarƙashin gadoji kafin Agusta. Ku roƙi a sauya kwalbatin da awo ya nuna ya yi kaɗan, ku ambace shi da sunan layinsa. In ruwan kogi na biyo muku kwata ta baya, ku roƙi a sa ƙofar ƙarfe a bakin magudanar, irin mai buɗewa in ruwan unguwa ya turo ta, ta rufe in kogi ya taso. Ku roƙi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta shata iyakar rafin ta hana sabon gini da ciko a cikinsa, ko da mai ginin ɗan ƙungiyarku ne. Ku kai takardar Ma'aikatar Muhalli ta jiha, kwafi ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha da ɗan majalisarku, ku haɗa da hotunan shatar ruwa da sakamakon awon. Takardar da ta ce a yashe Kogin Kaduna gaba ɗaya za a sa ta a fayil, domin kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya hurumin Gwamnatin Tarayya ne, babban aiki a kansa kuma sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Wadda ta ce ga kwalbati kaza, ga faɗinsa, ga gidajen da yake ci, ita ce injiniyan ma'aikata zai iya yi wa kiyasi ya shigar a kasafi.

Abu na ƙarshe ba ya cin kuɗi. Ku kafa ƙarfe ko ku sami ginshiƙi a bakin rafin kusa da kogi, ku yi masa zane da fenti duk bayan santimita goma, ku sa ja a daidai inda ruwa ke fara shiga gida mafi kwari. Daga Yuli zuwa Oktoba a sa mutum ɗaya, mai gadi ko ladan, ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubutawa a littafi, da ranar da aka yi ruwa da ranar da ba a yi ba. NIHSA, hukumar tarayya mai sa ido kan ruwan koguna, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, amma ba ta san layinku ba. In ruwa ya kusa jan zanen a sanar a masallaci a fara ɗaga kaya. Bayan damina ɗaya ka turo mini hoton littafin tare da awon kwalbatocin, in duba in gaya muku ko akwai wanda ya kamata a fasa.